Allurar baya ko barci gaba ɗaya: ni da Yayana mun saɓa a kan aikin gwiwar Umma

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yarki ce daga Jidda, a nan aka haife ni, iyayenmu kuma asalinsu mutanen ƙasar Kano ne. Ummanmu shekararta 64. Gwiwarta ta dama ta cinye har likita ya ce sai an sa mata ta ƙarfe. Shekara uku ke nan tana salla a kan kujera, Umrar da muka yi ta ƙarshe ma a keke muka tura ta ɗawafi tana share hawaye. Tana da ciwon sukari shekara 12, jininta kuma AS ne. Saura wata guda a yi aikin.

Likitan ƙashi ya ce za a ɗaure mata cinya da wani abu mai kama da na awon hawan jini, a tsayar da jinin ƙafar har a gama. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Na shiga intanet na karanta cewa ƙafar ba ta samun iskar oksijin duk tsawon lokacin, kuma allurar baya, wadda a nan ake ce wa banj nisfi, ta fi banj kamil, wato sa mutum barci gaba ɗaya, buɗe hanyoyin jini. Sai na ce ita za a yi mata. Yayanmu da ke Riyad, wanda shi ne zai cika kuɗin da inshora ba ta ɗauka ba, ya ce atafau, wai matar maƙwabcinmu tun da aka yi mata allurar baya wajen haihuwa ba ta sake tafiya daidai ba. Muka yi musayar magana mai zafi a waya, har ya ce in wani abu ya sami ƙafar Umma alhakin yana wuyana. Yau kwana tara ba mu gaisa ba. Umma kuwa in an tambaye ta sai ta ce duk abin da muka ga ya dace. Amma rannan da dare ina shafa mata man zafi, ta ce min a hankali ita tsoronta kada a sa ta barci ta wuce ba ta yi kalmar shahada ba. Anti, wane banj ne ya fi kare ƙafar? Kuma ya zan yi da Yaya?

'Yarki a Jidda

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Umma lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri a kan hidimar da kike yi mata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma inda na fi tsayawa shi ne wajen maganar daren nan da kike shafa mata mai. Zan komo kanta, don a ganina amsar tambayarki tana can. Amma bari mu fara da ƙafar, tunda ita ce ta hana ki barci.

Abin da za a ɗaura mata likitoci suna ce masa tonike. Kamar yadda kika faɗa, ɗan'uwan abin awon hawan jini ne, sai dai ya fi shi ƙarfi. Kuma ba sabon abu ba ne, tun 1904 wani likitan tiyata na Amurka mai suna Harvey Cushing ya fara amfani da irin wanda ake hura wa iska. Ga yadda ake yi. Bayan banj ya kama, sai a naɗe saman cinya da auduga mai laushi, a ɗora maɗaurin a kai. A ɗaga ƙafar sama na ɗan lokaci, ko a naɗe ta da bandejin roba tun daga yatsu zuwa cinya, don jinin da ke ciki ya koma gangar jiki. Sannan na'ura ta hura iska har matsin ya wuce ƙarfin bugun zuciya. A cinya yawanci tsakanin 250 zuwa 300 ne a ma'aunin hawan jini, ko kuma a duba hawan jinin majinyaci a ƙara kamar 100 a kai. Ƙafar takan yi fari-fari, ta yi sanyi. Daga wannan daƙiƙar agogo ya fara ƙirga. Ma'aikaciyar jinya tana rubuta lokacin da aka hura, na'urar kanta tana da ƙararrawa, kuma ana faɗa wa likita da babbar murya in awa ɗaya ta cika. Amfaninsa shi ne likita ya ga abin da yake yankawa ba tare da jini ya rufe masa wurin ba, simintin da ke riƙe ƙarfen kuma ya kama busasshen ƙashi.

Abin da kika karanta gaskiya ne, ƙafar tana rasa oksijin. Tsoka tana da ɗan abin da ta ajiye, amma cikin mintuna kaɗan take cinye shi. Daga nan sai ta koma ƙona sukari ba da iska ba, kamar yadda ƙafarki take yi in kin hau bene mai tsawo da sauri har kika ji tana miki raɗaɗi. Tsami yana taruwa a cikin naman, tare da iskar da ya kamata huhu ya fitar, da sinadarin potasiyom. Akwai wata ƙaramar na'ura da ake mannawa a sha-raɓa, tana haska jan haske cikin nama tana auna yawan oksijin da ke wurin. Da ita masu bincike suke bin wannan al'amari. Ana hura maɗauri za ki ga lambar tana gangarowa har ta kwanta a ƙasa, ta zauna can. Ana sakinsa sai ta tashi da sauri, har ta wuce inda take tun farko, saboda hanyoyin jinin da suka ji yunwa sun buɗe baki gaba ɗaya. Tsokar mai lafiya tana jure wannan yunwar na wani lokaci ta farfaɗo sarai. Iyakar da aka saba tsayawa a kai ita ce kamar awa 2. In aiki zai wuce haka, akan saki maɗaurin minti 10 zuwa 15 jini ya zagaya, sannan a sake hurawa. Sauya gwiwa kuwa galibi ba ya kai wannan iyakar.

To ina banj ya shigo? A nan nake so ki natsu, 'yata, don rabin abin da kika karanta daidai ne, ɗaya rabin kuma shi ne ya haɗa ki da Yayanki ba gaira ba dalili.

Allurar baya, ban da kashe zafi da motsi, tana kwantar da jijiyoyin da aikinsu shi ne matse hanyoyin jini na ƙafafu. Shi ya sa abu na farko da mutum yake ji bayan an yi masa ita shi ne ɗumi yana sauka zuwa tafin ƙafa. Jini ya ƙaru a ƙafar, kuma na'urar nan takan nuna oksijin ya ɗan hau. Wannan shi ne abin da kika gani a intanet. Amma da zarar an hura maɗauri, an datse ruwa tun daga bakin rafi. Komai faɗin lambatun da ke cikin gona, babu abin da zai bi ta cikinsa. Ƙafar mai banj nisfi da ta mai banj kamil duk yunwa ɗaya suke ji a wannan lokacin. Bambancin da ake iya gani yana kafin ɗauri ne da bayan saki. Shi ma banj kamil ba hannu rabbana yake zuwa ba: magungunansa suna ɗan buɗe hanyoyin jini, suna rage yawan iskar da jiki yake ci, kuma likita ne ke riƙe da numfashin majinyaci yana ba shi oksijin gwargwadon buƙata. An yi gwaje-gwaje a kan maganin barcin nan fari mai kama da madara da ake kira propofol, da kuma wanda ake shaƙa, sevoflurane, don a ga wanne ya fi rage wahalar da nama ke sha lokacin da jini ya dawo masa. Bambancin da akan samu a lambobin gwajin jini ne yake fitowa. Ba irin bambancin da za a ce wannan ya tashi da ƙafarsa, wancan ya rasa tasa ba ne.

Inda suka bambanta a fili shi ne wajen yadda sauran jiki yake ɗaukar ɗaurin. Bayan kamar minti 30 zuwa 60, maɗaurin yana haifar da wani ciwo mai nauyi a can ciki, kuma ko mutum yana barci jikinsa yana amsawa, hawan jini da bugun zuciya su riƙa hawa a hankali. Wannan ya fi faruwa a banj kamil, allurar baya ta fi toshe shi. A ɗaya ɓangaren, allurar baya tana saukar da hawan jini, wani lokaci da yawa, sai an tallafa da ƙarin ruwa ko magani. Lokacin saki kuma shi ne lokacin da likitan banj yake tsayawa ƙyam a gaban na'urorinsa. Duk tsamin da ya taru a ƙafar yana kwararowa cikin jiki a lokaci guda, hawan jini ya ɗan faɗi, zafin jiki ya ragu. Mai barci, likita ne zai ƙara masa saurin injin numfashi don ya fitar da gurɓatacciyar iskar. Wanda yake farke kuwa da kansa zai ja numfashi mai zurfi ba tare da ya ma lura ba. Cikin ɗan lokaci komai yakan daidaita. Kin ga kowanne da inda ya fi, kuma likitan banj ya san maganin raunin kowanne.

Saboda haka in kina son ki kare ƙafar Umma, ƙarfinki ki kai shi inda zai yi aiki: tsawon lokacin ɗaurin, ƙarfin matsin, da lafiyar hanyoyin jinin ƙafar tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Akwai ma abin da nake jin ba a gaya muku ba. Ba dole ne a yi aikin gwiwa da maɗauri ba. Likitoci da yawa yanzu suna yi ba tare da shi ba, suna ba da maganin rage zubar jini, wasu kuma sai lokacin sa siminti kawai suke hura shi na 'yan mintuna. A 2020 cibiyar Cochrane, mai tace binciken likitoci, ta tattara gwaje-gwaje 41 a kan sauya gwiwa, ta ga waɗanda aka ɗaure sun ɗan fi jin ciwo washegarin aiki, kuma sun fi fuskantar matsaloli irin su daskarewar jini a jijiya. Ba ina cewa ki je ki koya wa likita aikinsa ba. Wani hannunsa ya saba da maɗauri, kuma likita ya yi aiki yadda ya ƙware ya fi a tilasta masa hanyar da bai saba ba. Amma haƙƙinku ne ku tambaye shi cikin ladabi: minti nawa yake sa ran ɗaurin zai ɗauka, kuma ga mai sukari irin Umma, yana ganin a rage lokacin ko a bar shi gaba ɗaya?

Sukarin nan ya fi damuna a kan zaɓin banj. Shekara 12 na ciwon sukari suna iya ƙuntata hanyoyin jinin ƙafa, su kuma raunana jijiyoyin ji, mutum bai sani ba. Ƙafar da dama can jini da ƙyar yake isa gare ta ba za ta ɗauki ɗauri kamar lafiyayya ba, kuma in hanyoyin sun lalace sosai likitoci sukan guje wa maɗaurin ɗungurungum. Ki lura da Umma a 'yan kwanakin nan. Tafin ƙafarta yana yawan sanyi? Tana jin kamar ana tsira mata allurai ko kamar tana taka auduga? Akwai wani ƙurji ko tsagewa a dunduniya ko tsakanin yatsu da ya ƙi warkewa? Duk abin da kika gani ki faɗa wa likita, ki roƙa a taɓa bugun jini a bayan ƙafa da gefen idon sawu. In bai ji shi sosai ba, akwai gwaji mai sauƙi da ake kwatanta hawan jinin idon sawu da na hannu, in lambar ta yi ƙasa da 0.9 alama ce ta ƙuntatar hanya, sai a tura ta wajen likitan jijiyoyin jini kafin a yi maganar wuƙa. Sannan a yi gwajin sukari na wata uku, wanda ake rubutawa HbA1c. Asibitoci da yawa ba sa son yin aikin da ba na gaggawa ba in ya haura 8 ko 8.5, saboda sukari mai yawa yana hana rauni warkewa, yana kuma gayyato ƙwayoyin cuta zuwa ga ƙarfen. In an ce a ɗaga aikin don a gyara sukari, kada ranku ya ɓaci, gata aka yi mata.

Batun AS kuwa, kin kyauta da kika ambata, kuma ki ambata wa kowane likita da zai taɓa ta, kada ki ɗauka sun gani a fayil. Abubuwan da ke sa ƙwayar jinin sikila ta lanƙwashe su ne ƙarancin oksijin, tsami, sanyi da tsayuwar jini, kuma maɗauri yana tara su duka a ƙafa ɗaya. Ga mai SS wannan babbar magana ce da ake zama a auna. Mai AS kuwa ba mai cutar sikila ba ne, kason sikila a jininsa bai kai rabi ba, kuma ana yi wa masu AS aiki da maɗauri lafiya lau in an kula: a matse jinin ƙafar sosai kafin a hura, a ɗumama jiki, a ba da isasshen ruwa da oksijin, a taƙaita lokaci. Likitocin ƙasar nan ba baƙin sikila ba ne, tana da yawa a yankin gabas da kudu wajen Jazan, har tun 2004 gwajinta ya zama wajibi kafin aure. In takardar gwajin Umma tsohuwa ce ko ta ɓata, a sake, a tabbatar AS ɗin ce.

Yanzu ga Yayanki. 'Yata, kada ki ɗauki maganarsa a matsayin taurin kai. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Ya ga mace da idonsa tana ɗingishi, an ce masa allurar baya ce, kuma yana can Riyad, tafiyar kusan kilomita dubu, ba ya ganin Umma sai a waya. Mutumin da yake nesa, abin da ya rage masa ya riƙe shi ne kuɗi da umarni, shi ya sa yake riƙe su da ƙarfi. Maganar alhaki da ya ɗora miki ba ta dace ba, na kuma san ta yi miki ciwo, ke da kike kwana da Umma kina tashi da ita. Amma tsoro ne ya faɗe ta. Ke ma tsoron ne ya kai ki intanet da tsakar dare.

Abin da za a gaya masa shi ne wannan. Igiyar lakar da ke cikin ƙashin baya tana ƙarewa ne a wajen ƙashi na farko ko na biyu na ƙugu, allurar kuma ƙasa da nan ake shigar da ita, inda ruwa ne da siraran jijiyoyi suke yawo a ciki. Siririya ce ƙwarai. Tun 1898 ake wannan allura, lokacin da August Bier ya fara ta a Jamus. Maganin yana riƙe ƙafafu awa biyu zuwa huɗu ya sake su. Abin da aka fi gani bayanta shi ne saukar hawan jini, rawar ɗari, wahalar fitsari na ɗan lokaci, wasu kuma ciwon kai mai tashi in an zauna, wanda ma ya fi kama matasa a kan tsofaffi. Lahani na dindindin yana faruwa, ƙarya ne a ce ba ya faruwa, amma ƙididdigar da likitocin banj na Birtaniya suka fitar a 2009 ta nuna tsakanin mutum 1 cikin 24,000 ne zuwa 1 cikin 54,000. Ita kuma maƙwabciyarku, Allah ya ba ta lafiya, ku sani doguwar naƙuda kaɗai tana iya danne jijiyar ƙafa, kan jariri ya matse ta a ƙugu, ko yadda aka daɗe da ɗage ƙafafun. Allura ce abin da ido ya gani, sai laifin ya tafi kanta.

Kuma akwai inda Yaya zai iya zama mai gaskiya, ki shirya wa hakan. In Umma tana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko clopidogrel kuma ba a tsayar da shi a kan lokaci ba, ko tana da ƙurji a bayan, ko wata matsala a ƙofofin zuciya, ko ƙashin bayanta ya lanƙwashe ko an taɓa yi masa aiki, likita da kansa zai iya cewa barci gaba ɗaya ya fi. In haka ta faru kada ki ji an kayar da ke, kada kuma hankalinki ya tashi. A 2021 an buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka da Kanada, mutum 1,600 masu shekara 50 zuwa sama da suka karye a ƙugu, aka raba su tsakanin allurar baya da banj kamil. Bayan kwana 60, yawan waɗanda suka rayu suka kuma koma tafiya kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Aikin ƙugu daban ne da na gwiwa, amma ya isa ya nuna miki babu ɗaya a cikin hanyoyin nan da yake ramin mutuwa.

Mu komo ga maganar daren nan. Ku biyu kuna ta ja-in-ja a kan kan Umma, ita kuwa ta riga ta faɗi abin da ke ranta, a hankali, ga wadda take shafa mata mai. "Duk abin da kuka ga ya dace" magana ce ta uwar da ba ta son ta zaɓi ɗa ɗaya a kan ɗaya. Kawaici ne irin na iyayenmu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, jikinta ne, kuma muddin tana cikin hankalinta ita za ta sa hannu a takardar amincewa, ba ke ba, ba mai biyan kuɗi ba. Ki same ta ita kaɗai bayan sallar isha'i, ki bayyana mata hanyoyin a Hausa, ba tare da kin jingina ko ɗaya da sunanki ko na Yaya ba. Ki gaya mata gaskiyar kowanne. A allurar baya za ta zauna ta rungume matashi, ta sunkuyar da kai, a goge bayan da magani mai sanyi, ta ji tsinin allurar kashe fata. Za a sa labule tsakaninta da ƙafar, ba za ta ga komai ba, ba za ta ji zafi ba, amma kunnenta zai ji ƙarar zarto da bugun guduma, kuma wani ba ya iya ɗaukar wannan. Ga irinsu akwai hanya ta tsakiya, wadda ake yawan bi a aikin gwiwa: allurar baya tare da ɗan maganin gyangyaɗi ta jijiya. Tana numfashi da kanta, in an kira sunanta ta amsa, bakinta yana iya motsi da zikiri. Wasu asibitocin suna barin majinyaci ya sa abin sauraro a kunne ya ji karatun Alƙur'ani, ku tambaya. In kuma banj kamil ya zama dole, ki kwantar mata da hankali: ba a shammatar mutum. Likita zai ce mata yanzu zan sa maganin, ta roƙe shi ya ba ta minti ɗaya ta yi shahadarta da addu'arta, sai ya zama su ne ƙarshen abin da ta furta kafin barcin. Ki gaya wa likitan wannan tsoron nata ƙarara. A ƙasar nan babu likitan da zai ji shi baƙon abu.

Shi kuma Yaya, ke za ki fara kira, ke ce ƙarama, kuma kwana tara sun yi yawa. Umma tana jin shirun nan ko ba ta faɗa ba, kuma bai kamata ta shiga ɗakin tiyata da shi a zuciya ba. Kada ki buɗe da hujjojin intanet. Ki gaishe shi, ki ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, ki ce kin gane ba ku biyu ba ne masu yanke wannan hukunci, sannan ki roƙe shi ya halarci ganawa da likitan banj, ko ya zo da kansa ko ki kira shi ta bidiyo yana ji yana tambaya. Ya kawo labarin maƙwabciyar ya ji amsa daga bakin mai sana'ar. In kin san ba zai saurare ki ba, ki sa kawu ko gwaggo da yake jin nauyi su yi masa magana. Abin da Umma ta gaya miki a asirce kuwa, ki nemi izininta kafin ki kai masa. Ina kyautata zaton in ya ji shi zai sauko.

Ganawar nan da likitan banj, in ba a ba ku ranarta ba ku nema tun yanzu, kada ku bari sai safiyar aiki. Ki zuba duk magungunan Umma a leda ki tafi da su, har da na gargajiya: habbatus sauda, tafarnuwa, citta, jiƙe-jiƙen da ake aiko mata daga gida. Wasu suna ƙara zubar jini ko su saukar da sukari. Kada ku tsayar da kowane magani da kanku, likita zai faɗi wanda za a daina da ranar dainawa, musamman na sukari da na tsinka jini. Yawanci ana barin abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2, amma ku bi abin da aka rubuta muku. Sai wasu abubuwa biyu namu na gida da likita ba lallai ya tuna ya faɗa ba. Kada Umma ta yi lalle a ƙafa ko a yatsun hannu kafin aikin, ko da biki ya taso, domin bayan an saki maɗauri launin yatsu da farce ake dubawa a san jini ya dawo, baƙin lalle kuma yana iya rikita abin awon oksijin da ake maƙalawa a yatsa. Kada kuma a yi mata ƙaho ko tsaga a gwiwar nan, ƙaramin rauni a fatar wurin ya isa a soke aikin.

Bayan aiki ke ce idonta. Ɗan ciwo ko tabo a cinya inda maɗauri ya zauna, da ɗan mutuwar fata na kwanaki, ba abin tsoro ba ne. Amma in banj ya sake ta sai ciwo ya riƙa ƙaruwa fiye da kima maganin ba ya taɓa shi, ko sha-raɓa ya kumbura ya yi tauri, ko yatsu suka yi sanyi suka sauya launi, ko ta kasa ɗaga tafin ƙafa, ko awanni suka wuce ƙafafun ba su farfaɗo ba, ki kira ma'aikaciyar jinya nan take, kada ki ji kunyar damun su. In kun koma gida ta ji ƙirji ya riƙe ko numfashi ya yi wuya, ki kira motar asibiti a 997. Kada a ɗora mata jakar ruwan zafi a ƙafar da ba ta gama ji ba, mai sukari tana iya ƙonewa ba ta sani ba. Allurar ko ƙwayar hana daskarewar jini da za a rubuta mata a cika kwanakinta, kuma in mai gashin ƙashi ya zo tayar da ita washegari, ko ma ranar, ki ƙarfafa mata gwiwa ta tashi, tausayi kada ya sa ki hana.

Abu ɗaya kuma ku shirya mata zuciya a kansa tun yanzu, don kada ta ga kamar aikin bai yi ba. Tafiya da ɗawafi da ƙafarta, in Allah ya yarda, abu ne da ake sa rai bayan watanni na motsa gwiwa. Durƙuso da zaman tahiya a ƙasa kuwa ba kowa ke samunsu ba bayan an sa gwiwar ƙarfe, wataƙila kujerar sallar ta ci gaba da zama. Ki tambayi likitan ƙashi wannan a gabanta, ta ji da kunnenta.

Ki kira Yaya yau, kafin ki kwanta. In kun ga likitan banj ki sake rubuto min abin da ya ce game da bugun jinin ƙafar da lambar sukarin, da kuma abin da Umma ta zaɓa. Ki gaishe min da ita da jiki.